Ƙafar Sale da Takalman Mamman Giwa

Ku bar dariyar nan haka, na ji abin da kuka ce. Kunnena bai mutu ba tukuna. Wai wanzanci mene ne in ba aski da ƙaho ba, wai ko yau aka rataya wa ɗayanku zabira zai ci abinci da ita kafin magariba. To, sannunku da ƙoƙari. Shekaranjiya kuka sauko daga tirela, ko hanyar Oshodi ba ku gane ba tukuna, amma har kun gama sanin sana'ar da na shekara arba'in da ɗoriya ina koya a bakin titin jirgin nan na Agege. Tunda ruwan sama ya hana ku fita nema, kun kuma cika mini rumfa, ku gyara zama. Ba labarin askin da na iya zan ba ku ba. Labarin ranar da na ƙi yi wa mutum ƙaho zan ba ku.

Kawu Bawa, ƙanen mahaifiyata, shi ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na ƙasar Gumel ina saurayi kamarku. Shekara biyu cur ban taɓa kan mutum ba. Aikina in wasa aska a dutse, in goge ta a fata, in wanke ƙahonni in shanya. Da ya ga na fara ƙunƙuni sai ya sayo ƙwarya, ya shafa mata sabulu, ya ce in aske ta. In askar ta kama ƙwaryar ta yi ƙara, sai ya ce, "Ka yanke Alhaji," ya make ni a ƙeya. Allah kaɗai ya san Alhazai nawa na yanka kafin ya yarda ya ba ni kan mutum, shi ɗin ma kan nasa ne.

Amma babban karatun ba a aska yake ba. In babu mai aski sai ya juyar da ni ina kallon hanya, ya ce, "Ɗanjuma, wancan mai jar hular, me ke damunsa?" In ce ban sani ba. Ya ce, "Makaho kawai! Ba ka ga yana tsoron taka dunduniyar hagu ba? Waccan mai tiren fa?" Haka muke wuni. Ya sha gaya mini kada in kuskura in ɗora wa mutum ƙaho ban ga yadda yake tafiya ba, ban kuma san aikin da yake yi da jikinsa ba. Na haddace maganar. Bayan ya rasu, rumfa ta zama tawa, mutane suka yi yawa, sai na mance da ita. Mutum ya zo ya ce ƙaho, in ce kwanta.

Shekarar da ta fi ba ni wuya a sana'ar nan ita ce wadda shagunan aski na inji suka cika unguwa, rediyo kuma ya kama faɗakarwa a kan cututtukan da ake ɗauka ta aska ɗaya. Gaskiya suka faɗa, ba zan yi musu ba. Amma wallahi sai in wuni a nan daga hantsi har la'asar ban jiƙa kan kowa ba. Abokan sana'ata biyu suka ajiye zabira suka kama okada, wato acaɓa. Ni kuwa na naɗe askar Kawu a tsumma na sa a ƙasan zabira, na koma reza, kowa da tasa, in ɓare ta a gabansa, in ya tashi in jefar a gabansa. Ƙahonni kuma na riƙa dafa su a idon mutane. A hankali aka dawo. Cikin 'yan kaɗan ɗin da ba su taɓa guduna ba a shekarar akwai Sale Gajere.

Sale mutumin ƙasar Daura ne, ɗan dakon nama a kwatar Oko-Oba. Kada ku ji an ce gajere ku raina shi. Cinyar bijimi guda, wadda ku biyu ba za ku ɗaga ba, shi zai sa kafaɗa ya ɗauke ta daga inda aka feɗe har bakin mota, ya dawo ya ɗauki wata, tun asuba har azahar, a kan daɓen da kullum a jiƙe yake. Gida ɗaya muke haya, irin mai ɗakuna jere suna kallon juna ɗin nan, ƙofarsa tana kallon tawa. Yana da mata, Hajara, da 'ya'ya huɗu, duk a nan Agege aka haife su, Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinsu. Duk Asabar bayan azahar yana kan bencin nan da kuke zaune, ina yi masa aski.

Su 'yan dako ƙungiya-ƙungiya suke, kowace da shugabanta. Shi ke ɗaukar kayan farko, shi ke magana da mahauta. Shugaban su Sale shi ne Mamman Giwa, wanda ya kawo shi Legas tun farko, wani ƙaton mutum da in zai shigo rumfar nan sai ya duƙa. Ya fi shekara ashirin yana riƙe da su. Da ƙarfi ya fara ja baya ya ce zai koma gida noma, ya bar wa Sale shugabancin. Muka yi murna, har Hajara ta toya waina ta raba wa 'yan gida. Ba a yi wata biyu ba abin ya fara.

Wani dare muna barci sai ihu, irin ihun da babba ba ya yi sai abu ya kai maƙura. Na fito da gudu ko hula babu. Na tarar da Sale a ƙasa yana birgima, ya riƙe ƙafar dama, ya jiƙe sharkaf da gumi. Na kai hannu sharaɓarsa, wato naman bayan ƙwaurin nan, na ji ta dunƙule ta yi tauri kamar ɗanyen rogo, yatsun kuma sun lanƙwashe ƙasa. Jijiya ce ta ɗaure. Kun san halinmu in abu ya faru, kowa likita. Wani ya kama ƙafar yana naɗe ta baya, wani ya ɗauko taɓarya zai murza, wata tana yayyafa ruwa, ni ina tofi. Sale yana cewa mu sake shi za mu kashe shi. Can bayan 'yan mintoci ta saki don kanta, kowa ya koma ɗaki yana cewa dabararsa ce ta ci.

Asabar ɗin ya zo ya ce in yi masa ƙaho. Ban tambaye shi komai ba. Na kwantar da shi rubda ciki a tabarma, na wanke sharaɓar, na kafa ƙaho biyu na zuƙe har fatar ta taso, na cire na tsattsaga da sabuwar reza, na mayar. Da jinin ya taru na juye a gwangwani na nuna masa.

"Ka gani? Baƙi ƙirin. Shi ke cin ka."

Ya yi hamdala ya tafi da murna. Daren Litinin sai ga ihun nan ya dawo, wannan karon ƙafar hagu.

Sau uku ina yi masa, sau uku ina nuna masa baƙin jini, alhali ni ma a raina na san ba ya yi. Amma wanzami ya buɗe baki ya ce ƙahonsa bai yi ba? Sai in ce masa jinin ne da yawa, ya ƙara haƙuri. Abin kuwa sai gaba yake yi, dare uku, dare huɗu a mako. Mutum ya koma tsoron tabarmarsa. Ya zauna a ƙofar ɗaki yana gyangyaɗi don kada ya kwanta, asuba ta yi ya tafi ɗaukar nama da jajayen idanu. A gida aka fara raɗa. Wasu suka ce jifa ne, ai ba kowa ya so a ba shi shugabanci ba. Wasu suka ce wani abu ya tsallaka a kwata. Aka kawo masa jiƙe-jiƙe iri-iri ya sha. Shi kuwa ba jifa yake tsoro ba. Mahaifinsa ya shekara bakwai a kwance, ƙafafu sun mutu, ana ɗaga shi ana kwantarwa, kuma Sale ya riga ya sa a ransa hanyar da ya kama ke nan.

Sai ranar da ya faɗi. Barci ya ɗauke shi a tsaye da cinyar bijimi a kafaɗa, ya zame, naman ya sha ƙasa, mai naman ya wanke Sale tas da zagi a gaban yaran ƙungiyarsa. Shugaba guda! Da ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya gaya wa Hajara ta fara ɗaure kaya. Ya riga ya yi magana da direban wata tirelar shanu da za ta koma arewa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. In zai kwanta, gara ya kwanta a garinsu. Hajara ta same ni a bakin famfo tana share hawaye da gefen mayafi.

"Baba Wanzam, gida wurin wa? Gonar ma 'yan'uwansa sun raba. Yaran nan a cire su daga makaranta a kai su inda ba su san kowa ba? Don Allah ka yi masa magana, yana jin taka."

Na ce to. Amma me zan ce masa? Ni da na riga na zubar masa da jini sau uku a banza.

Ranar Asabar, saura kwana shida tafiyar, ina zaune a nan sai na hango shi ya tsallako titin jirgi. Babu kowa a rumfa, ba abin da nake yi, sai kawai na tsaya ina kallon tahowarsa. Silifa ce a ƙafarsa, amma ba takawa yake irin ta mutane ba. Yatsunsa a ƙanƙame suke, duk taku sai ya damƙe silifar, kamar kaza a kan igiyar shanya. Shekara ashirin ina ganin mutumin nan, ba haka yake tafiya ba. Wallahi sai na ji kamar Kawu ya make ni a ƙeya.

Ya zauna ya naɗe wando. "Baba Wanzam, yi mini na bankwana."

Na riga na ciro ƙahon. Na dube shi, na dubi ƙahon, na mayar da shi zabira.

"Ba zan yi ba, Sale."

"Ban gane ba."

"Ba ya yi maka. Tun na farko bai yi ba, na biyu da na uku kunya ce ta sa na yi. Ka yafe mini."

Kai, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya miƙe tsaye. "Lokacin da kowa ya gudu ya bar ka kana korar ƙuda a rumfar nan, ni na gudu? Yau da na lalace ne za ka ƙi taɓa ni?" Mai shayin can da masu wucewa duk suka juyo. Na bar shi ya gama. Sannan na ce ban ce ya fasa tafiya ba, abu ɗaya nake roƙo, ranar Litinin ya tafi da ni kwata in ga aikinsa. Ya ce wanzami me zai yi a kwata, shanu zan yi wa aski? Ya tafi bai yi mini sallama ba. Amma ranar Litinin da asuba sai na ji ana ƙwanƙwasa mini ƙofa.

Muka shiga motar danfo har Oko-Oba. Suna da wata 'yar rumfar kwano inda suke sauya kaya. Sale ya tuɓe, ya ɗaura ledar gaba, sannan ya jawo wasu takalman ruwa masu dogon wuya daga ƙarƙashin benci. Jama'a, takalma ne ko jiragen ruwa? Ya ɗauko tsummoki da leda ya cusa a ciki, ya zura ƙafa, duk da haka da ya taka sai ka ji fakat, fakat. Na samu gefe na tsaya. Duk ɗaukar da zai yi, ga nauyi a kafaɗa, ga santsi a ƙasa, ga takalmi yana neman fita, dole ya damƙe shi da yatsu daga ciki. Haka tun asuba. Ni da nake kallo ma sai da sharaɓata ta yi tsami.

Da rana ta ɗaga na sayi ruwan leda biyu na miƙa masa ɗaya. Ya girgiza kai ya wuce, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Na miƙa wa wani abokin aikinsa, shi ma ya ƙi. Ya ce, "Oga, ba ma sha sai an tashi. In ka sha fitsari zai kama ka, kafin ka tuɓe kayan nan ka je ka dawo layinka ya wuce." Na ce shugaban fa? Ya ce ai shi ya fi kowa, tun da ya hau ko kurɓa ba ya yi, don kada a neme shi a rasa.

Da aka tashi na ce, "Sale, takalman wa ke nan?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan uwarsa. "Na Mamman Giwa mana. Ranar da zai tafi ya tuɓe su a gaban kowa ya ba ni. Haka ake yi. Duk wanda ya gan su a ƙafata ya san wane ne shugaba."

"Ƙafarka da ta Mamman ɗaya ce?"

"Baba Wanzam, kada ka sa baki a abin da ba ka sani ba. Mutumin da ya ɗauko ni daga ƙauye, in cire takalmansa in yar?"

Na ga abin da na gani, amma ban san me yake nufi ba, ban kuma so in sake yi masa ƙarya. Shi ya sa da yamma na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba, na je ɗakin ƙarshe na gidanmu na yi sallama da Iya Bose. Iya Bose Bayarabiya ce, tsohuwar nas, ta yi ritaya. A nan Agege ta tashi cikin Hausawa, in tana Hausa ba ka ce ba Bakanuwa ba ce. Mun fi shekara goma ba ma shiri, don duk ta gan ni da zabira sai ta ce ga mai shan jinin mutane. Ranar ihun farko ma ba ta nan, tana wurin 'yarta a Ilupeju, da ta dawo kuma ba wanda ya nemi shawararta, saboda ni. Ta ɗaga labule ta gan ni ta tafa hannu.

"Ha! Yau ƙaho ne ya zo gaishe da allura?"

Na haɗiye maganar. Na gaya mata komai, har da ƙahon nan uku. Ba ta ƙara tsokanata ba. Ta ce in kira shi. Ta zaunar da shi a kujera ta duba ƙafafun biyu, ta gwada kaurinsu da hannu, ta danna, ta taɓa ta ji ko da zafi. Ta jero masa tambayoyi. Ɗaya ta taɓa kumbura ta fi ɗaya? Ta taɓa yin ja? Yana jin ta mutu, ko kamar ana tsira masa allura? Ƙarfinta ya ragu da rana? Akwai ciwon da ya ƙi warkewa? Yana yawan fitsari? Yana shan wani magani kullum, irin na hawan jini? Duk ya ce a'a. Ta ce duk da haka ita ba za ta yanke da baki ba, gobe su je asibitin unguwa a gwada jininsa da sukari.

Ranar Talata muka je mu uku. Ni da ban taɓa zama a layin asibiti ba, ga ni da zabira a cinya ana kallona. Aka auna shi, aka ɗebi jini, likita ya ƙwanƙwasa masa gwiwa, ya sa shi ya taka a kan yatsu ya taka a kan dunduniya. Ya ce bai ga alamar shanyewa ba, gwajin ma lafiya lau. Ya ce ɗaurewar jijiya ce irin ta dare, tana yawan kama masu doguwar tsayuwa da aikin ƙarfi, musamman in shekaru sun fara ja, kuma sau da yawa ba a iya nuna abu ɗaya a ce shi ne sanadi. Amma gajiyar tsoka da ƙarancin ruwa da takalmin da bai dace ba duk suna iya taimaka mata. Sale ya ce, "Likita, ba irin na babana ba ne?" Likita ya ce abin da ya gani ba shi ba ne. Sale ya ce to, amma na ga bai yarda ba. Kayansa suna nan a ɗaure.

Da muka dawo Iya Bose ta tsayar da shi a gaban bangon tsakar gida. Ta ce ya dafa bango da hannu biyu, ya ja ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, gwiwa a miƙe, ya tura ƙirji gaba har ya ji sharaɓar tana ja, ya tsaya haka ya ƙirga talatin, ya sauya ƙafa. Sau uku kowace ƙafa kafin ya kwanta. Yara suka taru suna kwaikwayonsa suna dariya, ta kore su da Yarabanci. Ta ce ya sha ruwa kafin ya fita, ya riƙa kurɓa a wurin aiki, fitsari ba abin kunya ba ne ko ga shugaba. Sai ta tambayi Hajara yadda yake kwanciya. Hajara ta ce saboda sauro ƙafafunsa yake zurawa a buhun shinkafa, ya ja zane ya danne tam. Iya Bose ta kama kai. Ta ce duk dare yatsunsa a danne suke suna kallon ƙasa, tsokar a takure, ba dole ta ɗaure ba? Ta ɗauko gidan sauro daga ɗakinta ta ba su.

Sannan ta juyo kaina. "Kai kuma, Baba Wanzam, in ta kama shi ba naɗe ƙafar ake yi ba. Miƙe ta ake yi. Oya, ba ni ƙafarka in nuna maka."

Daren Laraba jijiyar ta sake kama shi. Na ji ihun, na fito, masu taɓarya ma suka fito. Na daka musu tsawa kowa ya tsaya inda yake. Na zaunar da Sale, na miƙe ƙafar sambal, na riƙe dunduniya da hannun hagu, na sa tafin dama a ƙarƙashin yatsun na tura su sama wajen ƙwauri, a hankali, ban saki ba. Ya ce, "Wayyo, za ka karya ni!" Na ce ya yi numfashi. Ina riƙe, ina jin ƙullin nan a ƙarƙashin fata yana narkewa, har ya saki gaba ɗaya. Na ɗaga shi tsaye na ce ya taka a kan dunduniya zuwa ƙofa ya dawo. Hajara ta kawo tawul da ruwan ɗumi muka gasa wurin. Ya zauna yana kallon ƙafar.

"Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

"Wata huɗu, Baba Wanzam. Shi ke nan?"

Na ci gaba da gasa masa wurin, ina jin daɗi da kuma kunya.

Saura takalma. Ranar Alhamis ya yarda da bango, ya yarda da ruwa, ya yarda da gidan sauro, amma ya ce takalman Mamman sai dai a cire su daga gawarsa. Kuma in zai ci gaba da zamewa a cikinsu yana jin kunya a gaban yara, gara ya bi tirelar gobe. Na ce ya ba ni wayarsa. Na nemo lambar Mamman Giwa na kira, na buɗe murya kowa yana ji. Bayan gaisuwa na zayyana masa komai. Sai kuma muka ji wata irin dariya har wayar tana rawa.

"Sale! Kana nufin tun da na tafi kullum a cikinsu kake? Kai, amma an yi wawa! Kwana ɗaya ake sa su! Ni da maigidana ya ba ni nasa, ko dunduniyata ba ta shiga ba, na taka su haka nan wuni guda, washegari na rataye su. Ba ka ganin wasu busassun takalma a ƙusa a saman rumfarku?"

Sale ya ce yana ganinsu, ya ɗauka wani ne ya mance.

"Shekara ashirin wani ya mance? Je ka rataye nawa kusa da su, ka sa daidai ƙafarka, kafin in zo Legas in ci mutuncinka!"

Kun ga abin da ya faru? Mamman ya daɗe a kan shugabancin har babu wanda ya rage a ƙungiyar da ya ga yadda aka yi a karon baya. Kowa ya ga an ba da takalma, ba wanda ya ga an rataye. Shi kuwa Sale biyayya ta hana shi tambaya.

Ranar Juma'a tirela ta tashi babu shi. A lokacin yana kasuwa ni da shi muna gwada takalman ruwa, Iya Bose ta ce kada mu saya sai ya taka ya ji dunduniya ta zauna. Hajara ta kwance kaya, yara suka koma makaranta ranar Litinin kamar ba a yi komai ba. Kada kuma ku ce na ce ɗaurewar jijiyar ta tafi har abada. Har yau takan kama shi jefi-jefi, in aiki ya yi yawa ko ya yi ƙyuyar dafa bango. Sai dai yanzu ba ihu nake ji ba, takun dunduniya nake ji a tsakar gida, ƙwas, ƙwas, sannan ƙofa ta rufe. Ni ma tun daga ranar duk wanda ya kawo mini ƙafa sai ya je bakin titin jirgi ya dawo ina kallo. In na ga ta kumbura ɓangare ɗaya, ko ta yi ja da zafi, ko ya ce ta mutu ba ya jin ta, ko tausa ba na yi, asibiti nake tura shi a ranar. Iya Bose ta rage kirana mai shan jini, sai in mun yi faɗa a kan layin famfo.

Washegarin tashin tirelar, Asabar, ya zo aski kamar kullum. Bai yi maganar faɗan da ya yi mini ba, ni ma ban tayar ba. Ya zauna a nan, daidai inda mai shuɗiyar rigar nan yake. Na jiƙa kan, na shafa sabulu, na ɓare reza na fara daga dama. Ban kai tsakiya ba na ji kansa ya yi nauyi a hannuna. Na leƙa, baki a buɗe, har da minshari. Na jingina shi da ginshiƙi a hankali, na miƙe masa ƙafafu a kan bencin, yatsu suna kallon sama. Mutum biyu suka zo aski, na ɗora yatsa a baki na ce su dawo gobe. Aka kira la'asar na je na yi na dawo, yana nan yadda na bar shi, rabin kai a aske, rabi sabulu ya bushe. Na zauna kusa da shi da mafici ina kore masa ƙuda har rana ta yi sanyi.